Kwamfutar Kawu da ta kama safa da marwa: nazarin wani gyara a Tudun Wada

Wata Asabar cikin hunturu ƙanin mahaifiyata ya kira ni daga Tudun Wada. Bayan mun gaisa ya tambayi yara, sai ya ce, "Injiniya, na'urar nan tawa ta kama safa da marwa. Ta tashi ta koma, ta tashi ta koma, tun jiya ba ta isa ko'ina ba." Ni ba injiniya ba ne, malamin makaranta ne. Gyaran kwamfuta na tsince shi ne lokacin ina ɗalibi, a wani shago da ke gefen titin Ahmadu Bello inda nake zama bayan an tashi lacca. Amma a dangi duk wanda ya taɓa riƙe sukudireba sunansa injiniya, kuma ba a yi wa kawu gardama a kan suna.

Kwamfutar ta tebur ce, mai akwati tsaye, ta hannu, irin wadda ake cewa Beljiyam. Firosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi, Core 2 Duo ce, jinsin da Intel ya fito da shi a 2006. Tana da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki a kai, guda biyu na DDR2, kowane gigabait 1, da faifan ajiya mai juyawa na gigabait 160, kuma Windows 7 ke kanta. A kasuwa ba za ta yi kuɗin tsohuwar waya ba. Abin da ke cikinta ne ba ya sayuwa: rajistar kwamitin masallacin unguwa da Kawu ke wa sakatare, sunayen marayun da ake tallafa wa kowane azumi, takardun rabon gadon gonarsu, da hotunan aikin hajjin uwargidansa mai rasuwa. Babu kwafin ko ɗaya a wani wuri.

Na isa bayan azahar, na tarar taubashina, babban ɗan Kawu, ya riga ni da filash a hannu. Hukuncinsa ya yanke tun daga gida: bairos ne, a yi fomatin a huta. Na ce masa, "Kai da ko kitso aka ce ka gyara sai ka aske kan." Ya ce ai askin ma gyara ne. Dariya muka yi, amma maganarsa ita ce wadda za a ji a shaguna da yawa. Fomatin yana da sauri, yana da farashi sananne, mai gyara kuma ba ya ɓata yini yana bincike. Sai dai a wannan lamari da ya share kayan Kawu, ya bar rabin cutar tana nan.

Kafin na taɓa komai na nemi labari. Kawu ya yi wata huɗu ba ya gari, yana Zariya wajen 'yarsa, kuma kafin ya tafi ya zare filogin daga bango saboda tsawar damina. Da ya dawo ya kunna, sai wani rubutu fari ya fito a baƙin allo yana neman a danna F1. Jikansa ɗan sakandare ya shiga wani shafi, ya danna abin da ya ga ya dace, ya fita. Kawu ya nuna yaron da baki ya ce, "Ga ɓarawon nan, shi ya kashe ta don in saya masa sabuwa." Yaron ya ce ai tsohuwa ce kamar mai ita.

Sannan na kunna na zauna ina kallo, domin wurin da kwamfuta ke faɗuwa shi ne rabin ganewa. Idan ta koma tun kafin tambarin kamfanin da ya ƙera ta ya gama fitowa, to Windows ba ta ma shigo cikin maganar ba, sai a nemi laifin a RAM, ko akwatin wuta da ke raba wa sassan ciki lantarki, ko babban allo, wato falen da duk sassan ke jone a kansa. Idan sai tambarin Windows ya bayyana sannan ta faɗi, to wani abu ne ya tare hanyar tashi: direba, wato 'yar manhajar da Windows ke magana da wani sashen na'ura da ita, ko lalatattun fayiloli, ko faifan kansa. Idan kuwa tana shiga har a yi aiki na ɗan lokaci kafin ta ɗauke, zafi da wuta ake fara zargi. Ta Kawu ta tsakiya ce. Ɗigo huɗu masu launi na tambarin Windows 7 suna fara haɗuwa, sai wani shuɗin haske ya gifta kamar walƙiya, sai ta koma farko. Duk zagayen bai kai daƙiƙa arba'in ba.

Wannan shuɗin da ya gifta saƙo ne cikakke. Windows tana rubuta dalilin faɗuwarta, amma an saita ta tun asali ta sake tashi nan take, don haka takan share bayanin kafin ido ya kama shi. Kamar majinyaci ne da ke buɗe baki zai faɗi inda ke masa ciwo, wani ya riƙa rufe masa baki. Maganin wannan ba shi da wuya. Da zarar tambarin kamfani ya wuce, sai a yi ta danna F8 har jerin zaɓuɓɓuka ya fito, a sauka kan layin da aka rubuta Disable automatic restart on system failure. Wanda F8 ta ƙi masa, ya ɗauki bidiyon allon da waya, ya riƙa tsayar da shi har ya kama shuɗin.

Allon ya tsaya. A ƙasa an rubuta STOP: 0x0000007B. Ma'anar wannan lamba ita ce Windows ta fara tashi, ta zo ɗaukar ragowar kanta daga faifai, sai ta kasa isa gare shi. Na gwada Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan dole kaɗai, don cika ƙa'ida, ya jero sunayen direbobi har ya kai CLASSPNP.SYS, ya yi shiru, ya faɗi da lambar nan dai. Mutane da yawa sukan ɗora wa wannan fayil laifi har su tafi neman sabonsa a intanet, alhali sunansa ne kawai na ƙarshe da ke fitowa a jerin. Gyaran kai-tsaye na Windows kuwa, yaron ya riga ya bar shi ya yi ta juyawa har sau uku, bai gano komai ba.

Lambar 7B tana iya nufin ƙaramin abu, tana iya nufin faifai na gargara. Tun da ban san wanne ba ne, ban sake kunna ta ba. Na zare wuta, na kwance murfin gefe, na ciro faifan na haɗa shi da laftof ɗina ta wata 'yar waya mai juya SATA, wato bakin da faifan ke jonuwa da shi, zuwa USB. Irin wannan babban faifan yana buƙatar bolt 12, wanda USB ba ya bayarwa, shi ya sa wayar ke zuwa da nata abin jona wuta. Na kara kunne. Ya juya lafiya, babu ƙwas-ƙwas ɗin nan da faifai mai mutuwa ke yi. Folda-folda suka bayyana. Na kwashe takardu da hotuna, duka-duka ba su cika gigabait 9 ba, na zuba kwafi ɗaya a laftof, ɗaya a filashin taubashina bayan na goge Windows ɗin da ya zo da ita. Ya ce wannan zalunci ne. Na buɗe wa Kawu hoto ɗaya don ya tabbatar. Ya daɗe yana kallo, ya yi wa marigayiyar addu'a, ya tashi ya fita wai zai duba ko an kira la'asar.

Da na mayar da faifan na shiga BIOS, wato shafin saitin babban allo, abin da na fara gani shi ne agogo. Ya koma 1 ga Janairu na shekarar da aka ƙera na'urar. A kan babban allo akwai wani batir mai kama da kwabo, CR2032, faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2, ƙarfinsa bolt 3. Shi ke riƙe agogo da saiti idan babu wuta. Muddin filogi na jone kuma akwai wuta, ko kwamfutar na kashe, akwatin wuta yana ba allon ɗan abin da zai ishe shi, batirin yana hutawa. In an zare, nauyin duka ya koma kansa. A garin da wuta ta fi yawan tafiya a kan zama, batirin nan kullum yana bakin aiki, wata huɗun Zariya kuma suka ƙarasa shi. Na auna shi da mita, bai kai bolt 1 ba.

To me ya haɗa batir da faifai? Babban allo na wannan zamani yana iya magana da faifan SATA ta hanya biyu. Akwai tsohuwa, IDE, inda yake kwaikwayon na'urorin da, akwai sabuwa, AHCI. Faifan girka Windows XP na asali ba ya ɗauke da direban AHCI, don haka masu haɗa kwamfutocin hannu sukan juya saitin zuwa IDE don aiki ya tafi. Daga baya wani ya ɗora Windows 7 bai mayar ba. Ita kuma Windows 7 idan an girka ta, direban hanyar da ta tarar shi take tayarwa da farko, ɗayan ta bar shi a kwance. Da batir ya mutu saiti ya koma na masana'anta, wanda a wannan allo AHCI ne. Windows ta farka tana jin IDE kaɗai, allon yana mata wani yare. Yaron bai ɓata komai ba, ya dai amince da abin da na'urar ta riga ta yi da kanta.

Na aike shi wajen mai gyaran agogo a bakin Kasuwar Barci ya sayo batir, kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Na saka, na gyara kwanan wata, na mayar da saitin IDE, na danna F10 don adana saitin. Ɗigo huɗun suka haɗu, sautin shiga ya tashi, hoton bango ya fito. Hajiya ta leƙo ta ce, "Kai madalla, Allah ya yi albarka." Na ci tuwo, na karɓi godiya, na hau babur na koma Kawo ina jin kaina.

A nan na yi kuskure, kuma saboda shi na ga ya dace a rubuta lamarin. Na tambayi me ya faru ranar da ta lalace, ban tambayi yadda take kafin tafiyar ba. Kuma ban bar ta ta yi ko rabin awa a kunne a gabana ba.

Ranar Litinin da dare Kawu ya sake kira. "Ɗan nan, mutuniyar ta koma gidan jiya." Da na matsa da tambaya sai na ji ba gidan jiyan ba ne. Yanzu tana shiga, yana buɗe rajista ya yi rubutu na minti goma ko ashirin, sai allo ya yi baƙi ɗif kamar an ɗauke wuta, sai ta tashi da kanta. Daga nan tazarar sai ta riƙa raguwa, minti biyar, minti biyu, har ta kai ba ta ko isa tambarin Windows. In an bar ta ta huce zuwa safe, sai ta sake ba da minti ashirin. Babu shuɗin allo ko sau ɗaya. "Kawu, ta taɓa yin haka kafin ka tafi Zariya?" Ya ce, "Takan yi jefi-jefi, na ɗauka wutar ce ke rawa."

Ga mai kallo daga nesa cutar ɗaya ce, kunna-kashe. Amma ta farko Windows ce ta faɗi ta bar wasiyya, ta biyu kuwa an yanke mata numfashi ne ba ta sani ba. Littafin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru ya tabbatar: layi-layi na Kernel-Power mai lamba 41, gurbin lambar faɗuwa kuma sifiri. Wato ta farka ta ga ba a kashe ta bisa ƙa'ida ba, kuma ba ta san dalili ba.

Na fara da zafi, don shi ya fi arha. Ranar farko na ga ƙura na kau da kai. Wannan karon na duba da kyau: tsakanin fankar firosesa da haƙoran ƙarfen da ke zuƙe zafi akwai wani abu kamar bargo, jan ƙasa da auduga da gashin kyanwa, ya daskare har yana ɓantaruwa da yatsa. Ƙurar hunturun shekaru ce, ta sha laimar damina ta zama laka, ta bushe. Na fitar da akwatin tsakar gida na hure shi da abin hura iska, na riƙe fankar da tsinke don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen ya zama kamar alli, na goge na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Zafin da BIOS ke nunawa ya sauko daga sama da digiri 70 zuwa wajen 45. Aiki ne da ya kamata a yi, amma ban sa rai sosai ba, domin firosesar wannan jinsi idan zafi ya yi mata yawa rage gudu take yi, in ya ƙure ta kashe na'urar ɗungurum ta zauna a kashe. Ba ta cika sake tashi da kanta ba. Haka kuwa aka yi, bayan minti ashirin da biyar ta ɗauke.

Sai RAM. Na ciro su, na goge bakin zinarensu da abin goge fensir na yaron, na saka ɗaya na tayar da Memtest86+ daga filash. Wannan manhaja ba ta bi ta kan Windows ko faifai, ita kaɗai take tashi ta yi ta rubutu da karatu a RAM tana neman kuskure. Babu jan layi ko ɗaya, amma ana tsakiyar gwajin na'urar ta ɗauke ta dawo. Na canza zuwa ɗayan, a wani ramin, haka ta sake yi. Wannan ya wanke Windows, ya wanke faifai, ya wanke bairos ɗin taubashina. Na kira shi a waya musamman don in gaya masa.

Saura akwatin wuta da babban allo. Na haska allon da tocilan ina duba kapasito, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaitsaye kewaye da firosesa. Na'urorin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2007 sun yi ƙaurin suna da kumburin kapasito, amma na nan kawunansu a shafe suke. Na ɗauko mita na soka a ɗaya daga cikin bakunan wuta masu rami huɗu da ba a amfani da su: baƙar waya ita ce ƙasa, rawaya bolt 12, ja bolt 5. Ƙa'idar ATX, wadda ake ƙera akwatunan wuta a kanta, ta yarda da saɓanin kashi 5 cikin ɗari, wato bolt 12 kada ya gaza 11.4, bolt 5 kada ya gaza 4.75. Da sanyin kunnawa ja ta nuna 4.9. Na zauna ina kallon lambar tana zamewa sannu a hankali yayin da akwatin ke ɗumama, 4.8, 4.7, tana rawa. Tana cikin 4.6 allo ya yi baƙi. A cikin damin wayoyin da ke shiga babban allo akwai wata mai ruwan toka, aikinta ta ce wa allon wuta ta daidaita. Da ta janye wannan shaida ko na ƙiftawar ido, allon zai mayar da firosesa farko. Ga safa da marwa ta biyu.

Mita ba ta ganin komai da komai, don haka hujja ta ƙarshe ita ce musanya. Na aro lafiyayyen akwatin wuta daga wani abokina, na jona, na bar Memtest86+ tana gudu tun bayan magariba a kan janareta har man ya ƙare wajen sha ɗaya. Ba ta ko yi tari ba. Da a ce ranar Asabar na kwashe fayilolin ta cikin kwamfutar kanta maimakon laftof ɗina, da na ci karo da wannan tun ranar.

Tsohon akwatin na buɗe shi washegari don ganin ido kawai, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi. Manyan kapasiton cikinsa suna tara sama da bolt 300 daga wutarmu ta 230, suna iya riƙe ta bayan an zare filogi. A ɓangaren fitar wuta guda biyu sun kumbura kamar ƙosai, ɗaya ya tsage ta sama, wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kansa kamar tsatsa. Akwai ruwan sinadari a cikinsu da zafi ke busarwa, kuma masu harkar suna ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsu biyu. Fankar akwatin ma ƙura ta riƙe ta, da ƙyar take juyawa. A haɗa da zafin Maris da Afrilu a ɗakin kwano mara silin, da ƙaramin janaretan da muryarsa ke sauka duk lokacin da firij ya tashi, ba abin mamaki ba ne.

Wajen sayen wani na tafi da tsohon a leda, domin wasu kamfanoni suna ƙera nasu da siffa ko baki na daban. Na ƙirga ramukan babban bakin, 24 ne ba 20 ba, na tabbatar akwai ƙaramin mai huɗu na firosesa. Lambar watt da ke jikin takarda ban kula ta ba, kowa na iya buga 500. Na ɗaga biyu a hannu na zaɓi mai nauyi, na hannu ne da aka ciro daga kwamfutar ofis, na sa mai shagon ya jona a gabana na auna. A bayan akwatin akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230. Kayan da suka fito daga Amurka sukan iso yana kan 115, in aka jona a haka ƙara ɗaya za a ji da hayaƙi. Tun kafin a jona na tabbatar yana kan 230, sannan na liƙe shi da salatif saboda jikan Kawu.

Ragowar aikin shara ce. Ɗaukewar da ta yi ta yi ana tsakiyar rubutu ta bar tabo a tsarin fayiloli, chkdsk /r, umarnin Windows mai duba faifai, ya ɗauki fiye da awa yana gyarawa. Rahoton lafiyar faifan, SMART, ya nuna 'yan gurabe a layin C5, waɗanda ya kasa karantawa da kyau yana jiran ya sauya su. Ba mutuwa ba ce yau, amma na kwafe shi gaba ɗaya zuwa ƙaramin SSD, faifan ajiya mara juyawa, na gigabait 120, tun da abin da ke ciki bai kai rabin haka ba. A ƙarƙashin tebur na tsinci UPS, akwatin nan mai riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, da Kawu ke ɗora ƙafa a kai, ya ce ya daɗe da mutuwa. Batirinsa ne kawai, mai bolt 12, aka sauya.

Taubashina ya so a sa sabuwar Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu, 2020, wannan gaskiya ne. Amma Windows 10 ma nata ya ƙare a 14 ga Oktoba, 2025, kuma da RAM na gigabait 2 rarrafe za ta yi. Windows 11 kuwa tana neman wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da firosesa sabuwa nesa da Core 2 Duo. Kawu ba ya shiga intanet da ita, rubutu da lissafi da sauraron karatu ne aikinta. Na bar ta a 7, na zare wayar modem ɗin da yaron ke saƙalawa, na ce duk abin da ya shafi banki a yi shi a waya. Na kuma shiga saitin Windows na cire alamar sake tashi kai-tsaye, ta yadda in ta sake faɗuwa shuɗin allon zai tsaya, Kawu ya karanto mini lambar.

Filashin taubashina bai koma hannunsa ba. Hajiya ta ƙulle shi a gefen wani ɗankwali ta jefa cikin akwatin da take ajiye takardun gida, kuma an ɗora wa jikan aikin ciro shi duk Juma'ar ƙarshen wata ya zuba sabuwar rajista. Ya nemi a riƙa biyansa. Kawu ya ce a cire daga kuɗin sabuwar kwamfutar da ya so ya ci.